Waiwaye: Sunayen da Muke Kiran Wanda Muka Raina ko Muka Tausaya wa

A ƙaramar hukumar Ungogo, daf da birnin Kano, akwai garin Yadakunya, inda asibitin masu cutar kuturta yake, wanda mutanen birni suka fi sani da asibitin Bela. Sunan garin kaɗai ya isa shaida, domin ba a cewa mutum ya yada kunya sai in an riga an ɗora masa ita. Da baki aka fara ɗora ta.

Makaho, gurgu, kuturu, kurma, bebe, duk tsofaffin kalmomi ne, kuma a da ba zagi ba ne tsantsa. Sunaye ne na jama'ar da ke da gurbinta a gari, har da sarauta: Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, kowa da mabiyansa, shi ke sasanta rigimarsu, shi ke kai kukansu fada. Karin magana ma ya kasu biyu. Wanda ya ce makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi, ba'a ya yi. Amma wanda ya ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan langa, ya yarda cewa cuta ba ta hana mutum zaɓe a kasuwa.

Ba'ar ma tana da lokacinta da iyakarta. A tashen watan azumi Nalako, sarkin gwagware, kan zaga unguwanni yana kamun gwauro, yara na biye ana kiɗa ana dariya. Da an sha ruwan ƙarshe an yi salla, gwauro ya koma Malam wane. Na sha tunanin cewa abin da ya sa wannan ba'a ba ta kashe zuciya shi ne wanda ake yi wa ita yana da hanyar fita, yana yin aure ta ƙare. Wanda shan inna ya taɓa tun yana goye ba shi da wannan ƙofa. Haka matar da ake ce wa juya don ba ta haihu ba, ko bazawarar da ake jefa wa sunan kamar ita ta saki kanta.

Kalmar da ta fi kowace faɗowa ƙasa ita ce almajiri. Asalinta Larabci ne, almuhajir, wanda ya bar gida don neman ilimi, kuma har gobe babban malami kan ce shi almajirin Shehu wane ne, yana alfahari. Amma da bara ta cika tituna, sai kalmar ta koma nufin yaro mai yagaggiyar riga da roba a hannu. Ko da gwamnatin Kano ta sanar da hana barace-barace a watan Fabrairun 2020, da wannan ma'ana ta biyu aka yi ta muhawara, ta farkon kuwa kusan ba a tuna da ita ba.

Wanda jama'a suka sa wa ido kuma, sai a ce an mayar da shi mujiya, ko saniyar ware. Su waɗannan aƙalla suna nuna yatsa ga masu yi, ba ga wanda aka yi wa ba.

Sauyi ya shigo ta gidajen rediyo da asibitoci da makarantu irin ta kurame da makafi da ke Tudun Maliki a Kano. Musaki da nakasasshe suka ja baya, aka koma mai larurar gani, mai taɓin hankali maimakon mahaukaci, daga baya kuma masu buƙata ta musamman. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga nakasassu, mai tanadin tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum guda. Tun kafin doka, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙubba.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmomin tausayi, domin su babu mai tsawatarwa a kansu. "Allah sarki, bawan Allah", "abin tausayi", "miskini". Mai faɗa yana ganin alheri ya yi, alhali ya yanke hukuncin cewa wanda ke gabansa sadaka kaɗai ta kamace shi. Sau nawa ake miƙa wa mai keken guragu naira 50 a bakin banki, shi kuwa kuɗinsa ya zo ajiyewa? A cikin birnin Kano akwai waɗanda shan inna ya taɓa da ke walda suna ƙera kekunan hannu masu ƙafa 3, da yara masu koyon sana'a a ƙarƙashinsu. Yaran nan Maigida suke ce musu.