Waiwaye: Yadda Bashin Gida Ya Hau Dandamalin Amurka

Ranar 10 ga Fabrairun 1949 aka fara nuna wasan kwaikwayon Arthur Miller mai suna Death of a Salesman a gidan wasa na Morosco da ke New York. Jigon wasan, Willy Loman, ɗan tallan kamfani ne mai shekara 63. Bayan ya yi wa kamfanin bauta sama da shekara 30, aka soke masa albashi aka bar shi da kamasho, daga bisani ɗan maigidan ya sallame shi. A ƙarshe ya halaka kansa da mota don ɗansa Biff ya samu kuɗin inshora dala 20,000.

Da can irin wannan mutum ba shi da gurbi a wasan alhini. A tsohuwar Girka, da ma zamanin Shakespeare, faɗuwar sarakuna da manyan gidaje ake yi wa kuka. Marubuci George Lillo ya ɗan karya al'adar a Landan a 1731 da labarin wani yaron shago. Henrik Ibsen na Norway kuwa shi ya shigo da masifar har cikin falon masu matsakaicin ƙarfi, inda takardar bashi ta wargaza aure a wasansa na 1879. Miller bai taɓa ɓoye cewa ya sha daga rijiyar Ibsen ba.

Amma ciwon na Amurka ne, kuma Miller ya ɗanɗana shi a gida. An haife shi a 1915, mahaifinsa yana da masana'antar ɗinka rigunan sanyi na mata. Da kasuwar hannun jari ta rushe a 1929 dukiyar ta tafi, iyalin suka koma wani ƙaramin gida a Brooklyn. Yaro ya ga uban da ake girmamawa ya zama abin tausayi, alhali ƙasar tana ci gaba da cewa duk mai ƙwazo zai yi arziki. A cikin wannan ƙunci aka kafa ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta Group Theatre a 1931, inda Clifford Odets ya riƙa rubuta rayuwar talakawan birni da harshensu. Daga nan Elia Kazan ya fito, shi ne kuma ya ba da umarnin wasan Miller.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da wasan ya zo. An ci yaƙin duniya na biyu, kasuwa ta buɗe, ana sayen firji da mota da gida a biya kaɗan-kaɗan. Sai ga Willy yana kukan cewa kafin ka gama biyan abu ya riga ya lalace. A ganina bashi ne ya maye gurbin allolin da ke ƙaddara wa mutum masifa a wasannin Girkawa: ba ya tsawa, amma duk wata sai ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mai tsara dandamali Jo Mielziner ya gina gidan Willy kamar ƙwarangwal, dogayen benaye sun kewaye shi, 'yan wasa kuma suna ratsa bango duk lokacin da tunanin Willy ya koma baya.

Ganin cewa wasu za su ce ɗan talla bai kai a yi masa wannan alhini ba, Miller ya rubuta maƙala a jaridar New York Times a cikin watan da aka fara nuna wasan, yana cewa talaka ya cancanci wasan alhini kamar yadda sarki ya cancanta. An nuna wasan sau 742 a zangon farko, ya ci babbar kyautar adabi ta Amurka, wato Pulitzer, kuma a 1983 Miller da kansa ya je Beijing ya shirya shi da 'yan wasan Sin.