Tsayuwar kyanwa a gaban kare

Tsayuwar kyanwa a gaban kare ɗabi'a ce da aka san kyanwar gida, wato mage, da ita: kare zai tunkaro ta, maimakon ta ruga sai ta tsaya cak, ta yi doro, gashinta ya mimmiƙe, tana huci. Wanda ya tashi a zangunan Kumasi, irin su Aboabo ko Asawase, ya sha ganin kyanwar da ba ta wuce kilo 4 ba ta tare bakin ƙofa, karen da ya ninka ta sau biyar ya yi ta haushi, daga baya ya juya. Mutane kan ce rainin hankali ne. Ba haka ba ne, dabara ce ta tsira da rai.

Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar dajin Afirka, Felis lybica, wadda ta fara kusantar manoman Gabas ta Tsakiya kimanin shekaru 10,000 da suka wuce saboda ɓerayen rumbu. Ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take tsare yankinta. Kare kuwa jinin kyarkeci ne, dabbar garke. Shi ya sa kyanwa ba ta jiran ɗauki daga kowa.

Babban dalilin shi ne gudu ke tsokano kare. Duk abin da ya zura a guje, kare zai bi shi. Kyanwa kan kai gudun kilomita 48 a awa, amma ba ta jimirin dogon zango, kuma da zarar ta juya, wuyanta da bayanta sun zama a buɗe. In ta tsaya kuwa, makamanta na gaba: farata 18 masu tsini, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya, waɗanda take ɓoyewa har sai buƙata ta taso. Kare da baki yake kamu, dole ya kawo hanci da ido kusa, nan ne kuma yakushi ya fi zafi. Karen da ya taɓa shan mari ɗaya a hanci ba ya mantawa. Doron da miƙewar gashi kuma suna sa ta yi kamar ta fi girmanta, musamman idan ta tsaya a karkace.

Wuri ma na da tasiri. A gidajen zango kyanwa 'yar gida ce. Hadisi ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Kare kuwa galibi a waje yake. Ta san kowace katanga da rufin kwanon da za ta haye, don haka tsayuwarta a tsakar gida ta fi ta kan titi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma sabo. 'Yar kyanwar da ta ga kare tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa ba ta cika tsoronsa ba. Binciken Jami'ar Tel Aviv na 2008 ya nuna sun fi jituwa idan kyanwa ce ta riga zuwa gidan, kuma aka haɗa su tana ƙasa da wata 6, shi kuma bai kai shekara ba.

Dabarar ba kullum take ci ba. Karen farauta ko karnuka biyu-uku suna iya kashe kyanwa nan take, kuma abin takaici ne yadda wasu yara ke zuga kare a kanta don wasa. Mai rabon faɗan kada ya sa hannu, ya watsa musu ruwa. Idan an ciji mutum ko an yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti, domin kare da kyanwa duka suna iya ɗaukar ciwon haukan kare.