Title I: Tallafin Tarayya ga Makarantun 'Ya'yan Talakawa a Amurka

Title I shi ne sashe na farko na Dokar Ilimin Firamare da Sakandare ta Amurka, kuma ta hanyarsa ne gwamnatin tarayya ke tura kuɗi ga gundumomin ilimi masu yawan yara daga gidajen marasa galihu. Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa dokar hannu ranar 11 ga Afrilu, 1965, a gaban ƙaramar makarantar da ya fara karatu a jihar Texas, malamarsa ta farko na zaune kusa da shi. Johnson ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a garin Cotulla a 1928, kuma dokar na cikin shirinsa na yaƙi da talauci.

Dalilin kafa shi yana cikin yadda ake ɗaukar nauyin makarantu a ƙasar. Mafi yawan kuɗin daga jihohi yake fitowa da kuma harajin gidaje da filaye na ƙananan hukumomi, kason tarayya kuwa bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Unguwar da gidajenta ke da tsada takan tara haraji mai kauri, unguwar talakawa kuma ta tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A shekarar farko an ware kimanin dala biliyan 1. Zuwa 2023 kuɗin ya haura dala biliyan 18.

Gwamnatin tarayya tana rabon ne da ƙa'idojin lissafi guda huɗu, bisa alƙaluman Hukumar Ƙidaya na yara 'yan shekara 5 zuwa 17 da ke cikin talauci. Kuɗin kan bi ta hannun jiha ya isa gunduma, ita kuma ta jera makarantunta daga wadda talauci ya fi yi wa katutu. Makarantar da aƙalla kashi 40 cikin ɗari na ɗalibanta masu ƙaramin ƙarfi ne tana iya kashe kuɗin kan makarantar baki ɗaya. Wadda ba ta kai haka ba, yawanci sai ta zaɓi yaran da aka bari a baya, a ɗauko musu malamin karatu ko na lissafi, ko a ƙara musu darasi bayan tashi. Akwai wani lauje cikin naɗi a lissafin: ana la'akari da abin da kowace jiha ke kashewa a kan ɗalibi ɗaya, don haka yaron talaka a jiha mai arziki kan samu kaso mafi tsoka fiye da takwaransa na jiha irin Mississippi. Masu suka sun daɗe suna nuna wannan.

A shekarun farko an yi wasa da kuɗin. Wani rahoto na 1969, wanda asusun kare haƙƙi na NAACP, ƙungiyar da ke fafutukar 'yancin baƙar fatan Amurka, ke cikin masu shirya shi, ya nuna yadda gundumomi ke karkatar da tallafin zuwa hidimomin da ba ruwansu da yaran. Hakan ya sa a 1970 majalisa ta gindaya sharaɗin cewa kuɗin ƙari ne a kan na jiha da na gunduma, ba a yarda a janye nasu a cike gurbin da shi ba.

An sabunta dokar sau da dama. Wadda George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002, mai laƙabin No Child Left Behind, ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, tare da hukunci ga makarantun da suka gaza. A Disamban 2015 Barack Obama ya sa hannu kan Every Student Succeeds Act, wadda ta bar jarrabawar yadda take amma ta mayar wa jihohi ikon yanke matakin da za a ɗauka kan makarantar da ta kasa.