Kalmar "Trappist" da rigar aro ta 'yan kasuwa

Sau uku ke nan a wata guda ina jin wani mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa "Trappist, wato baƙar giyar Turawa mai ƙarfi". Ni dai ba mashayi ba ne, amma kunnena na yi mini ƙaiƙayi idan aka ɗauki sunan mutane aka laƙaba wa launin abin sha.

Trappist ruhubanawan Katolika ne, wato masu keɓe kansu don ibada. Sun samo sunan daga gidan zuhudu na La Trappe da ke Nomandi a Faransa, inda shugabansu Armand de Rancé ya tsaurara ƙa'idar shiru da aikin hannu a 1664. Guminsu suke ci: wasu cuku suke yi, wasu burodi, wasu giya. Har a Awhum ta jihar Enugu akwai su, kuma ba kwalba ce ta fito da sunansu ba.

Da 'yan kasuwa suka ga sunan yana ja, sai kowa ya zana mai rawani da doguwar riga a jikin kwalbarsa. Shi ya sa a 1997 gidajen suka kafa ƙungiya da hatimi mai kusurwa shida. Kafin a ba ka shi, dole a dafa abin a cikin katangar gidan zuhudu ko daf da ita, ruhubanawa su sa ido a kai, ribar kuma ta tafi hidimar gidan da sadaka. Ba sa ɗaga ƙafa: giyar gidan Achel na Beljiyam ta rasa hatimin a 2021 saboda ruhubanawan ƙarshe sun bar gidan, alhali tukunyar ba ta canja ba.

Wanda bai cika sharuɗɗan ba sai ya rubuta "Abbaye", wato gidan zuhudu da Faransanci. Misali giyar Leffe ta Beljiyam, wadda katafaren kamfanin AB InBev ke dafawa a Leuven, yana biyan gidan zuhudun da ke Dinant ladan suna. Halal ne a dokarsu, amma a idona ɗan kasuwa ne ya ari rigar malam ya shiga kasuwa.

Batun baƙi kuwa, wasu nau'o'in ne kawai masu duhu, kamar wanda ake kira dubbel, da gidan zuhudun Westmalle na Beljiyam ya daidaita girkinsa a 1926. Ba baƙi ne wuluk ba ma. Ka ɗaga kofin wajen fitila, ja ne mai duhu kamar zoɓon da ya jiƙu. Yawancin launin daga sukarin da aka dafa har ya yi duhu yake fitowa, shi ya sa masu sha ke cewa suna jin ƙamshin busasshen dabino da ayaba, kuma ba sa sanyaya shi ƙarara don kada ƙamshin ya ɓuya. Ƙarfin barasarsa kashi 7 cikin ɗari. Wata giyar gidan nan dai da ake kira tripel, mai ruwan zinariya garau, kashi 9.5 ce.