Waiwaye: Me kare yake bi idan yana neman abin da aka ɓoye?

Da jarirai aka fara wannan gwaji, ba da karnuka ba. A shekarun 1930, masanin halayyar yara Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya lura cewa idan aka saba ɓoye wa jariri ɗan wata tara abin wasa ƙarƙashin zanen dama, sannan a kan idonsa aka mayar da shi ƙarƙashin na hagu, zanen daman zai sake ɗagawa.

A 1992 Gagnon da Doré na Jami'ar Laval a Kanada suka gwada karnuka da mataki mafi wuya. A jefa ƙwallo cikin ƙaramin mazubi, a zagaya da mazubin bayan ɗaya daga cikin akwatunan da aka jera, a zube ƙwallon a can, a fito a nuna wa kare mazubin wayam. Karnukan suka riƙa dacewa, aka ce ashe suna iya hasashen abin da ba su gani ba.

Maganar ta zauna shekara 12 kafin Collier-Baker da abokan aikinta a Jami'ar Queensland ta Ostareliya su warware ta a 2004. Ashe akwatin da aka aje mazubin kusa da shi kawai karnukan ke nufa. Da aka daina barin mazubin a gefen akwatin da ƙwallon yake, sai nema ya koma canki-canki.

Binciken Topál a Budafes ta ƙasar Hungary a 2009 ya fi ban sha'awa. Idan mai ɓoyewa ya kira kare, ya haɗa ido da shi yana magana, karen kan yi kuskure irin na jariri, ya koma maɓoyar farko. Idan aka ɓoye shiru ba kallo, kuskuren sai ya ragu sosai. Kyarketai da mutane suka raina tun suna jarirai ba su faɗa tarkon ba. Wato kare na ɗaukar kiran a matsayin umarni: nan ake nema.

Shi ya sa yanzu ake tsaurara gwajin. Ana shafa ƙanshin abin a duk akwatunan don kada hanci ya yi aikin ƙwaƙwalwa. Mai karen yana tsayawa a bayansa, ido a rufe, domin ɗan karkata kafaɗa ya isa ya tona asiri. Ana kuma auna jinkiri: wani mai bincike, Fiset, ya nuna a 2003 cewa dacewa na raguwa da tsawon jira, amma ko bayan daƙiƙa 240, wato minti huɗu, karnuka sun fi mai canka samun akwatin.