Waiwaye: yadda dokar Amurka ta shiga tsakanin masanan gwamnati da ƙungiyoyinsu

A ce kai masanin kifi ne a wata hukumar gwamnatin tarayyar Amurka. Abokan sana'arka sun zaɓe ka ma'ajin ƙungiyarsu, mai gidanka a ofis ya yi na'am, har ya ce ka riƙa zuwa taronsu a lokacin aiki, domin hukumar ma za ta ƙaru. Ran da aka zauna a kan kasafin ƙungiyar, aka ce a ɗaga hannu, kai ma ka ɗaga. To, daga 1996 zuwa 2013, wannan ɗaga hannun kaɗai na iya jefa ka cikin laifin da ake ɗaure mutum a kansa, muddin ba ka da takardar sassauci, wato rubutaccen izinin da ke ɗauke maka haramcin doka, a aljihu.

Asalin maganar wata doka ce ta 1962, zamanin Shugaba Kennedy, wadda lauyoyi ke kira sashe na 208. Ta hana ma'aikacin gwamnati sa hannu, da sunan aikinsa, a duk al'amarin da ya taɓa aljihunsa, ko na matarsa, ko na wata ƙungiyar da yake riƙe da muƙami a cikinta. Hukuncinta ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, in da gangan ne kuwa har biyar. An yi ta ne domin masu cin tudu biyu, irin jami'in da zai ba kamfaninsa kwangila. Bayan abin kunyar Watergate, badaƙalar siyasar da ta sa Shugaba Nixon ya yi murabus, a 1978 aka kafa Ofishin Ɗa'ar Ma'aikatan Gwamnati domin ya sa ido a kan irin waɗannan ƙa'idoji.

Shekara da shekaru hukumomi na tura ma'aikatansu su zauna a kwamitocin gudanarwa na ƙungiyoyin ilimi, ba wanda ya ga aibu. Sai a Nuwamban 1996 ofishin ba da shawara kan shari'a na Ma'aikatar Shari'a ya amsa wata tambaya da ta shafi jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya. Amsar ita ce: wanda ya karɓi kujera a kwamitin gudanarwar wata ƙungiya ya ɗauki amanarta, dole ya kare muradinta, alhali ga amanar gwamnati a wuyansa. Taura biyu ba ta taunuwa. Ko da hukumarsa ce ta tura shi, sashe na 208 ya hau kansa, sai fa in wata doka ta ba shi dama ƙarara, ko an rubuta masa sassauci shi kaɗai.

A takarda hujjar ba ta da makusa. A aikace kuwa an bar jaki ana dukan taiki. Masanin da ba ya karɓar ko kwabo daga ƙungiyar, aikin sa kai ne kawai yake yi, shi ne ya koma abin zargi. Wasu hukumomin suna ba da takardar sassauci bayan dogon bin ofis-ofis, wasu kuwa suka ga ƙin yarda ya fi musu sauƙi. Masani ya ga dama ya riƙe muƙamin da sunan kansa, ya ɗauki hutu, ya biya kuɗin jirginsa. Da yawa suka haƙura. Kuma duk wanda ya san harkar bincike ya san a waɗannan ƙungiyoyi ne ake fitar da mujallu, ake shirya taruka, ake sanin wane ne wane. Masanin jami'a na hawa kujera, takwaransa na gwamnati na kallo.

Shi kansa Ofishin Ɗa'ar, a rahoton da ya miƙa wa shugaban ƙasa da majalisa a 2006, ya ce a gyara. Shiru. Sai da Obama ya fitar da umarninsa kan kare mutuncin kimiyya a Maris 2009, sannan mai ba shi shawara kan kimiyya, John Holdren, ya rubuta wa hukumomi a Disamban 2010 cewa su kawar da shingayen da ke hana masanansu riƙe muƙamai a ƙungiyoyin sana'a. Ofishin Ɗa'ar ya gabatar da daftarin sabuwar ƙa'ida a 2011, ƙa'idar ta fito a Maris 2013, ta fara aiki a Afrilu.

Abin da ƙa'idar ta yi kaɗan ne, amma nan gizo ke saƙar. Ta cire barazanar ɗauri daga kan ma'aikacin da hukumarsa ta tura ya riƙe muƙami a ƙungiyar da ba ta neman riba. Ba ta ba kowa 'yancin tafiya ba. Hukuma ce ke cewa je ko kada ka je, kuma tana iya gindaya sharuɗɗa, musamman kan neman gudummawar kuɗi da kamun ƙafa a majalisa. Wanda ya riƙe muƙamin da sunan kansa kuwa, sashe na 208 na nan a kansa yadda yake: in takardar neman tallafin ƙungiyarsa ta iso teburinsa, sai ya tsame hannunsa ya miƙa wa wani.