Waiwaye: doguwar famar masu manhaja da agogon wa'adi

Duk mai sana'ar POS a Kantin Kwari ko Farm Center ya saba da na'ura ta tsaya jiran amsa, in wa'adi ya cika ta ce ciniki ya faɗi. Wani agogo ne a cikin manhaja yake yanke wannan hukunci, kuma an daɗe ana fama da shi.

A Unix ta farko, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, agogo ɗaya tal kowane shiri (manhajar da ke kan aiki) yake da shi, wato alarm, mai ƙirga daƙiƙoƙi. BSD 4.2 ta 1983, wani reshen Unix, ta zo da setitimer mai ƙirga ƙasa da daƙiƙa. Da sadarwa ta bunƙasa, kowace hanyar TCP, wato haɗin da kwamfutoci biyu ke musayar bayanai ta cikinsa, na neman nata wa'adin, sai agoguna suka kai dubbai. A 1987 George Varghese da Tony Lauck suka fito da dabarar jera wa'adodi a gurabu a zagaye, kamar fuskar agogon bango, ta yadda sakawa da cirewa ba sa cin lokaci. Har yau Linux, mai bin tsarin Unix, na aiki da ita.

Wannan ta magance yawa. Rikicin gaske ya taso ne da shiri ɗaya ya fara tafiyar da zaruruwan aiki da dama a tare, wato layukan aiki masu gudana lokaci guda, abin da ƙa'idar POSIX ta tsarin Unix ta daidaita a 1995. Timer, agogon wa'adin da harshen rubuta manhaja Java 1.3 ya kawo a 2000, zare ɗaya ne yake ɗauke da shi: aiki ɗaya ya jinkirta, duk na baya sun makara, in kuma aikin ya yi kuskuren da ba a kama ba, zaren ya mutu da sauran wa'adodin. Sai a Java 5, a 2004, aka raba nauyin a kan rukunin zaruruwa. A ƙarshen Yunin 2012 kuma, ƙarin daƙiƙa ɗaya a agogon duniya ya rikita agogunan Linux, sabobi da yawa, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka da manhajoji, suka shaƙe.

A ganina, abin da matasanmu masu rubuta manhajar kuɗi ya kamata su fi tsoro shi ne soke wa'adi. Amsar banki na iya isowa daidai lokacin da wa'adi ya cika: wannan zare ya rubuta an biya, wancan ya fara mayar da kuɗi. Kiran sokewa ba ya tsayar da aikin da ya riga ya tashi, shi ya sa Linux ta tanadi sokewa mai jira har aikin ya kammala. Dole zaruruwan biyu su bi ta makulli ɗaya mai barin zare ɗaya kawai ya shiga a lokaci guda, wanda ya fara shiga ya sauya matsayin cinikin, ɗayan ya duba ya janye.